Likita Ishaya Audu: Ɗan Ƙauye Da Ya Zama Malamin Likitoci

Sau da yawa idan muna zagayen aikin gona a ƙauyukan Shagari da Boɗinga, iyaye sukan tambaye mu, "Wane amfani boko zai yi wa ɗan talaka? Ba gara ya bi mu gona ba?" To, bari mu amsa da labarin wani bawan Allah.

An haifi Ishaya Audu a shekarar 1927 a Anchau, cikin ƙasar Zazzau. A zamanin nan ƙudan tsando ya addabi wannan yanki, ciwon barci yana kashe mutane, har sai da gwamnati ta sa aka sassare kurmin bakin rafuka, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Ke nan yaron ya buɗe ido cikin mutanen da suka san zafin rashin likita.

Mahaifinsa Kirista ne, ya kuwa sa shi makarantar mishan ta Wusasa, wadda Likita Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, shi ma ya yi. Daga nan ya wuce Legas da Ibadan, sa'an nan Ingila, inda ya gama karatun likita a 1954. Bayan haka ya ƙware a kan cututtukan yara. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya amince da shi har ya zama likitansa. Ku duba fa, Musulmi jikan Shehu ya danƙa lafiyarsa a hannun Kirista, don ya ga gaskiya da iya aiki.

Ya koyar da ɗalibai aikin likita a Jami'ar Legas. A 1966 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami, ya kuwa riƙe shi har 1975. A zamaninsa ne, cikin 1967, aka buɗe sashen koyon aikin likita, domin 'ya'yan Arewa su koya a gida.

Mu mutanen nan muna da wata alaƙa da shi. A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Dokta Azikiwe, suna takara da Alhaji Shehu Shagari. Da Alhaji Shehu ya ci, jam'iyyunsu suka ƙulla yarjejeniya, ya ba shi ministan harkokin waje har 1983. Da soja suka karɓi mulki aka tsare shi. Bayan ya fito sai ya koma Zariya, ya buɗe asibiti, yana duba marasa lafiya yana kuma aikin fasto. Ya rasu a 2005.

Wannan mutum ya ba da ƙarfinsa ga lafiyar yara, mu ma akwai abin da za mu iya yi tun daga gida. Idan jariri ya cika wata 9, a kai shi rigakafin ƙyanda. Idan gudawa ta kama yaro, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kuma garzaya asibiti.

Sa'an nan idan damina ta faɗi, kada mu cire yaro daga aji saboda noma. Da mahaifin Ishaya ya yi haka, da an sami ƙarin fartanya ɗaya a gona, amma da an rasa malamin likitoci. Allah ya ba mu hangen nesa, amin.