Hawan Jinin Ido: Abin Da Rubuce-Rubucen Wata Farfesa A Korle Bu Ke Gaya Wa 'Yan Kasuwa

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Malam Atta da ke Ankara da sassafe ya san cewa ba wurin da mutum zai yi tafiya da rabin ido ba ne. Ga masu tura baro, ga 'yan kayayo da kwanuka a ka, ga tiren tumatir da albasa a bakin hanya. A cikin wannan cunkoso ne wani kawuna, wanda ya yi shekaru yana sayar da hatsi a kasuwar, ya fara cin karo da mutane. Yau ya ture kwandon wata, gobe ya yi tuntuɓe da benci. Abokan zamansa suka ce tsufa ne. Shi kuma ya ce idonsa garau yake, tunda yana ƙirga kuɗi ba tare da tabarau ba.

Ranar da na ce masa, "Kawu, mu je a duba idon nan," sai ya ce, "Ɗana, yana ce ke tahowa, bari ta nuna tukuna a cire." Muka bari. Da muka je asibiti bayan shekara biyu, likita ya ce babu wata yana. Jijiyar ido ɗaya ta riga ta mutu, ɗayar kuma saura kaɗan. Sunan cutar gilokoma, wadda a gidajen rediyo muke kira hawan jinin ido.

Wannan ne ya sa na shiga neman abin da likitocin ƙasar nan suka rubuta a kan cutar, kuma sunan da na yi ta cin karo da shi shi ne na Farfesa Christine Ntim-Amponsah, ƙwararriyar likitar ido ta makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Gana da ke Korle Bu. Rubuce-rubucenta da Turancin likitoci suke, a mujallun da ba a sayar da su a Nima ko Mamobi. Amma maganar da ke cikinsu ta mutanenmu ce, don haka na ga ya dace a kawo ta kasuwa.

Kafin mu shiga cikin takardun, ya kamata mai karatu ya fahimci yadda abin yake. Ido shi kaɗai ba ya gani. Yana ɗaukar hoto ne ya miƙa wa ƙwaƙwalwa ta wata jijiya da ke bayansa, mai ɗauke da ƙananan zaruruwa fiye da miliyan ɗaya. Wannan jijiya reshen ƙwaƙwalwa ce, shi ya sa cutar ta shafi likitocin ido da na jijiyoyi baki ɗaya. A cikin ido akwai wani ruwa da kullum ake samarwa, kullum kuma yana fita ta wata 'yar magudana. Idan magudanar ba ta jan ruwan yadda ya kamata, sai ido ya yi tauri daga ciki, matsin ya riƙa kashe zaruruwan nan sannu a hankali. Ma'aunin da likitoci ke ɗauka daidai yana tsakanin 10 da 21, ko da yake akwai waɗanda cutar ke kamawa alhali awonsu bai wuce haka ba. Ashe ke nan ba jini ne ke hawa ba, ruwan ido ne, kuma mutum na iya samun cutar ko da awon jininsa lafiya lau yake.

A shekarar 2004 Farfesa Ntim-Amponsah da abokan aikinta suka buga sakamakon wani bincike a mujallar Eye ta ƙasar Ingila. Maimakon su zauna a asibiti suna jiran marasa lafiya, sai suka fita yankin Akwapim ta Kudu, wajen Nsawam da Aburi, suka duba idanun mutane kimanin 1,800 masu shekara 30 zuwa sama. Abin da suka samu ya girgiza masana: a cikin masu shekara 40 zuwa sama, kashi 8.5 cikin 100 na ɗauke da cutar. Wato a kowane mutum 12, kusan ɗaya. Ka tsaya a bakin rumfarka ka ƙirga dattawa goma sha biyu na layinku, sai ka gane nauyin wannan adadi. Tun daga lokacin ake ambaton Gana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya.

Bincike ɗaya ba ya isa hujja a wurin likitoci, sai wani ya zo ya sake aunawa. An kuwa sake. Wata tawaga a ƙarƙashin Farfesa Donald Budenz na Amurka, tare da likitocin Gana, ta duba mutum 5,603 masu shekara 40 zuwa sama a birnin Tema, aka buga sakamakon a 2013. Sun samu kashi 6.8 cikin 100. Adadin ya ɗan yi ƙasa da na Akwapim, amma wani abu da ya fito a ciki ya fi tayar da hankali: a cikin waɗanda aka samu da cutar, kashi 3 da 'yan kai cikin 100 ne kawai suka san suna da ita. Sauran duk suna harkokinsu kamar yadda kawuna yake yi. Binciken ya kuma nuna cewa ta fi yawa a maza, kuma tana ƙaruwa da shekaru.

'Yan'uwanmu da ke karanta wannan shafi a Jibiya, Illela ko Maigatari kada su ce wannan matsalar mutanen Gana ce. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, gilokoma ce ta biyu wajen makantar da masu shekara 40 zuwa sama, kuma kusan mutum 5 cikin 100 na wannan rukuni na da ita. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa tana kama baƙar fata da wuri, kuma tana yi musu ɓarna fiye da Turawa.

To, me ya sa mutum zai yi shekaru da cuta a idonsa bai sani ba? Saboda irin wadda ta fi yawa a wurinmu ba ta ciwo, ba ta ƙaiƙayi, ba ta sa ido ja. Daga gefe take fara ci, ta bar tsakiya sai ƙarshe. Mutum zai karanta lambar waya, ya zura zare a allura, amma ba ya ganin yaron da ya ɓullo ta damansa. Ido ɗaya kuma yana rufa wa ɗaya asiri. A nan ne nake jin tsoro ga direbobinmu masu ɗauko albasa daga Nijar su bi ta Paga ko Bawku har Ankara, domin direban da gefen ganinsa ya tafi ba ya ganin babur sai ya zo gabansa. A 2005 Farfesar ta sake buga wata takarda a mujallar Eye, inda ta bi diddigin abubuwan da ke tattare da zuwan marasa lafiya asibiti bayan cutar ta riga ta yi nisa. Wannan jinkiri shi ne babbar matsalar, domin zaren jijiyar da ya mutu babu likitan da zai tayar da shi, ko a Korle Bu ko a Landan.

Akwai wata tsohuwar takardarta ta 1995 a mujallar likitocin Afirka ta Yamma da ta shafe mu kai tsaye. A ciki ta yi bayanin marasa lafiyar da suka zo Korle Bu bayan an yi musu aikin yana na gargajiya. Mun san aikin: mai magani ya zo gari, ya sa tsinke ko allura ya ture yanar ta faɗa cikin ido. Mutum ya ga haske na ɗan lokaci, a yi ta murna, mai magani ya karɓi kuɗinsa ya wuce gari na gaba. Bayan nan sai kumburi, ko ƙwayoyin cuta, ko matsin ido ya hau, idon ya tafi gaba ɗaya. Yanar ido a asibiti ana cire ta a sa wani ƙaramin gilashi a madadinta, gani ya dawo. Gilokoma kuwa ba ta da abin da za a cire. Duk wanda ya zauna yana jiran "ta nuna" ba tare da likita ya tabbatar masa yana ce ba, yana iya zama jijiyarsa ce ke ƙarewa.

Sai kuma maganar da ta shafi sana'armu. Magungunan ɗigawa a ido suna yawo a kasuwanninmu daga Aflao har Sankasi, a kan tire da cikin jakar 'yan talla. Da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su dexamethasone, wanda ke kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son su. Amma yawan ɗiga su na makonni ba tare da umarnin likita ba yana iya ɗaga matsin ido ya jawo gilokoma, har ga yara. Ɗan kasuwar da ke sayar da irin wannan ya sani cewa ribar 'yan sidi kaɗan na iya zama sanadin makantar ɗan wani.

Abin da ya rage shi ne abin yi. Duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna masa matsin ido, a kuma leƙa jijiyar, ko da yana gani garau, sannan ya riƙa komawa kamar yadda likita ya tsara masa. Gwajin karanta haruffa a bango ko sayen tabarau a bakin titi ba ya nuna cutar. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ke da ita, kada ya jira 40, domin tana bin jini. A Ankara akwai sashen ido a Korle Bu, da asibitin Ridge, da asibitin sojoji na 37. A Kano akwai asibitin ido na ECWA, a Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. A watan Maris na kowace shekara ana makon gilokoma na duniya, inda akan yi gwaji kyauta a wasu wurare.

Idan an same ta da wuri, ana tsayar da ita da maganin ɗigawa irin su timolol da latanoprost, ko da hasken leza, ko da tiyata. Maganin ba ya dawo da abin da ya tafi, yana tsare abin da ya rage ne, kuma na kullum ne har ƙarshen rayuwa. Mai tafiyar fatauci ya sa kwalbarsa a aljihu kamar yadda yake sa fasfo. Lokacin azumi kuma kada a ajiye shi. A tambayi malamai hukuncinsa, a kuma tambayi likita yadda za a daidaita lokacin ɗigawa da sahur da buɗa-baki.

Kawuna har yanzu yana zuwa rumfarsa, jikansa na riƙe da hannunsa a cikin cunkoso, kuma bai fasa ɗiga maganinsa ba ko na kwana ɗaya. 'Ya'yansa biyar duk sun je an auna su, aka samu ɗaya da ita tun ba ta yi masa ɓarna ba. Rabin yini ya rufe shagonsa ya je asibiti. Allah Ya tsare mana ganinmu, amin.