Masu Sulhun Aure a Libreville

A Kano ko Maraɗi, in aure ya yi tsami, mace ta yi yaji zuwa gidansu, miji ya aika biko, kawunnai su zauna a kashe wutar. A Libreville kuwa gidan nasu yana bayan ƙasashe biyu ko uku. Yarinyar da aka kawo wa ɗan kasuwar Mont-Bouët daga Damagaram ba ta da ƙofar da za ta buga sai ta limamin unguwa, ko ta wani dattijo da 'yan uwa Hausawa suka yarda da adalcinsa. Shi ne mai sulhu, kuma ladansa bai wuce goro da addu'a ba.

Dokar Gabon, wadda ta ɗauko tsarin Faransa, auren ofishin magajin gari ta fi sani. A 2021 an gyara ta har ma'aurata suna iya rabuwa bisa yardar juna, amma wannan rangwame na masu takardar gwamnati ne. Wadda aka ɗaura nata a masallaci kawai, in ta je kotu, da wuya a kalle ta a matsayin matar aure. Shi ya sa nauyin ya dawo kan tabarmar malam.

Gwanin mai sulhu ba ya haɗa miji da mata a zaman farko. Yakan ji ta bakin miji shi kaɗai, sannan ya sa wata dattijuwa ta zauna kusa da matar, don akwai maganar da kunya ba za ta bari ta faɗa wa namiji ba. "Ɗiyata, faɗi abin da ke ranki, ba mai tsawata miki a nan." Daga baya a kira waliyyinta ta WhatsApp, a ajiye wayar a tsakiya, ya zama wakilin danginta kamar yadda shari'a ta so a samu mutum daga kowane ɓangare.

Ni a ganina, ƙwarewarsa ta fi fitowa ranar da gyara ya gagara. Saki nawa aka furta, kuma yaushe? A rubuta, shaidu su sa hannu, don a san inda idda ta fara. Sauran sadaki, in akwai, a biya. In ita ta nemi khul'i, a tsayar da abin da za ta mayar ba tare da an tsauwala mata ba. Kayan ɗakinta a lissafa su ɗaya bayan ɗaya, har tukwane. A mazhabar Malikiyya reno na uwa ne, ciyarwa na uba, kuma mai sulhu nagari ba ya tashi sai an faɗi adadin sefa da ranar biya.

Sai abin da littattafan fiƙihu ba su ambata ba: katin zamanta a ƙasar, fasfonta da wani lokaci ke cikin akwatin miji, da kuɗin jirgin komawa gida. Maza da yawa a nan suke noƙewa. Dattijon da ya san aikinsa yakan sa a ajiye fasfon a gabansa kafin a shafa fatiha.