Neman Ƙaramar Jita Mai Kaurin Murya a Sokode da Dapaong: Ka Fara da Awo Kafin Ka Zaro Kuɗi

Wannan taƙaitaccen bayani ne na hirar da muka yi a filin kiɗa da sana'a, mun rubuta shi domin wanda shirin ya wuce shi, da kuma wanda ya saurara amma lissafin ya kuɓuce masa. Asalin maganar tambaya ce daga wani uba a Dapaong. Ɗansa mai shekara 10 yana son koyon jita, amma yatsunsa ba sa kaiwa. An ce masa ya nemi wata aba da ake kira ukulele, irin wadda Turawa ke ce wa bariton, kuma mai gajeren wuya. Ya zaga kasuwa bai samu ba, ya duba a waya ya ga farashi cikin Yuro, kansa ya ɗaure. Tambayarsa ita ce: ina zai same ta da kuɗin da ba zai taɓa na abincin gida ba?

Amsarmu a dunƙule ita ce, daina neman suna, nemi awo. In ka san tsawon tsirkiyar da hannun yaron zai iya da kuma muryar da kake so ta fita, hanyoyi uku a buɗe suke gare ka.

Mece ce ita wannan aba?

Ukulele ƙanwar jita ce mai tsirkiya huɗu. An fara ƙera ta a tsibiran Hawaii. A shekarar 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ci-rani daga tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal a Honolulu. Cikinsu akwai masu aikin katako uku, Manuel Nunes da José do Espírito Santo da Augusto Dias, su ne suka ɗauki fasalin 'yar ƙaramar jitar garinsu suka fitar da ukulele. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa: kafintoci ne suka fara yin ta.

Girmanta huɗu ne aka fi sani, kuma abin da ke bambanta su shi ne tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa, wato daga ɗan tudun da ke kan wuya zuwa jakin da ke kan ciki. Masu molo da goge sun san jaki, ɗan itacen nan da tsirkiya ke hawa. Soprano tana da kimanin santimita 34, konsat 38, teno 43, bariton kuwa 48 zuwa 51. Cikakkiyar jita mai tsirkiyar leda tana da 65.

Ƙananan ukun nan muryarsu siririya ce. Bariton ita ce mai kauri, domin ana ɗaure ta daidai da tsirkiyoyi huɗu na ƙasa na jita: Re, Sol, Si, Mi, kamar yadda ake koyarwa a makarantun Togo da Benin da Burkina Faso. Ku na Bawku da Bolgatanga kun fi sanin su da D, G, B, E. Amfanin wannan babba ne. Duk abin da yaro ya koya a kanta, ranar da hannunsa ya girma ya ɗauki jita, yatsunsa sun riga sun san hanya.

Gwada hannun yaron kyauta

Kafin ka kashe ko dala, nemi wani mai jita a unguwa ka roƙe shi aron minti goma. A wuyan jita akwai ƙarafa da aka gindaya, mu ce musu gaɓoɓi. Tazararsu tana raguwa yayin da kake matsowa wajen ciki. A cikakkiyar jita gaɓar farko ta kai santimita 3.6, shi ya sa yaro ke wahala. A bariton mai 48 kimanin 2.7 ce, a teno kuwa 2.4.

To ga dabarar. In yaro ya fara dannawa daga bayan gaɓa ta 5 na cikakkiyar jita, tazarar da zai tarar kusan ita ce ta bariton, domin tsirkiyar da ta rage daga nan santimita 48 da ɗoriya ce. In ya fara daga bayan gaɓa ta 7, ragowar 43 ce, wato teno ke nan. Ka sa shi ya ɗora yatsu huɗu a gaɓoɓi huɗu a jere, a nan da can. Inda ya yi ba tare da ya murɗe wuyan hannu ko ya yamutse fuska ba, nan ne awonsa. Rubuta lambar a takarda. Da ita za ka shiga kasuwa.

Hanya ta farko: teno da aka canja wa tsirkiya

Bariton mai gajeren wuya ba ta da yawa ko a ƙasashen da ake ƙera ta, teno kuwa ta fi yawa kuma ta fi sauƙin kuɗi. Ana iya ba teno muryar bariton. Sai dai kada ka yi kuskuren da mutane da yawa ke yi, su sassauta tsirkiyoyin da ta zo da su har muryar ta sauka. In ka sauke murya daga Sol zuwa Re, ƙarfin ɗaurin ya koma kusan kashi 56 cikin 100 na yadda yake. Tsirkiya ta yi lako-lako, tana bugun ƙarafa, sauti ya mutu. Gajeriyar tsirkiya ba ta ba da murya mai kauri sai in ita kanta mai kauri ce.

Magani yana kusa. Sayi saitin tsirkiyar jita ta leda, irin mai shida. In ka ƙirga daga mafi siranta a matsayin ta 1, ɗauki ta 5 da ta 4 da ta 3 da ta 2. Ta 5 ta zama Re, ta 4 Sol, ta 3 Si, ta 2 Mi. Ba ƙirƙirarmu ba ce. Kamfanin Yamaha yana da wata 'yar jita mai suna GL1, tsawon tsirkiyarta kusan santimita 43, tana amfani da tsirkiyar jita ta leda, kuma huɗun tsakiyarta Re, Sol, Do, Mi ake ɗaure su. Sauke Do ɗin da rabin mataki ya zama Si, ka sami bariton sak. Abin lura guda: waɗannan tsirkiyoyi sun fi na asali kauri, don haka wataƙila sai an ɗan faɗaɗa ramukan da suke kwanciya a ciki da siririn zarto, a hankali, ba tare da an zurfafa su ba.

Hanya ta biyu: jitar yara ta gwanjo

Cikin kayan gwanjon da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome akan tsinci jitar yara. Wadda ake kira ta kwata tana da kimanin santimita 48, ta rabi kuma kimanin 53. Cire tsirkiyoyi biyu mafi kauri, huɗun da suka rage su ne Re, Sol, Si, Mi. Ka sami bariton ba tare da ka sayi abin da aka rubuta wa bariton ba. Wuyanta ya ɗan fi faɗi, amma tana da wata riba: bayan shekara biyu sai ka mayar da tsirkiyoyin nan biyu, yaro ya ci gaba da jita.

A nan sai ka buɗe ido, domin akwai jitar koyo akwai ta wasan yara. Ta wasa fenti ne kawai, gaɓoɓinta ba a kan lissafi suke ba, ko gwani ya riƙe ta ba za ta yi daɗi ba. Araha ba ta ado. Kuma kada ka taɓa ɗaura tsirkiyar ƙarfe a kan abin da aka yi don leda. Ƙarfe zai ɓalle jakin ko ya lanƙwasa wuya.

Hanya ta uku: kafinta

Mun ce kafintoci ne suka fara ta. Yankinmu ba baƙo ba ne ga wannan sana'a. Garaya da gurmi da molo duk hannu ke yin su, da ƙwarya ko itace da fata. A ƙasar Frafra, can wajen Bolgatanga, kologo mai tsirkiya biyu ta kai King Ayisoba har Turai. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna, gangar jikinta gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Itace ma akwai: maɗaci ɗan'uwan katakon da kamfanoni ke yin jita da shi ne, ga kuma tik da ake shukawa a kewayen Sokode tun zamanin Jamusawa. Sharaɗi shi ne ya bushe sarai.

Inda aikin ke lalacewa shi ne gaɓoɓi. Molo ba ta da su, yatsa da kunne ke nemo murya. Ukulele kuwa lissafi ce. Ka raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne wurin gaɓar farko. Ka debe shi daga tsawon, ka sake raba ragowar da 17.817, ka sami ta biyu, haka har ƙarshe. Misali, in ka zaɓi santimita 45, gaɓar farko tana 2.53, kuma ta 12 dole ta faɗo a 22.5, tsakiya cif. In ba ta faɗo nan ba, an yi kuskure a hanya. Kuskuren milimita ɗaya kunne yana jin sa. Saboda haka wannan hanya ta mai haƙuri ce, da kafintan da ya yarda a yi awo sau biyu kafin a yanka.

Abu biyar da za ka duba kafin ka biya

Na ɗaya, je da ma'auni. Auna daga tudun wuya zuwa gaɓa ta 12, ka ninka biyu, shi ne tsawon gaskiya, ko me mai kaya ya faɗa.

Na biyu, kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a gaɓa ta 12 ka sake kaɗawa. Murya ɗaya ya kamata ka ji, ta biyun dai ta fi siranta. Akwai manhajar saita murya ta kyauta a waya, za ta nuna maka.

Na uku, dubi tazarar tsirkiya da ƙarfe a gaɓa ta 12. In ta zarce milimita 3 sosai, yaro zai ji ciwo ya ajiye ta cikin mako guda.

Na huɗu, gwada cusa takarda a ƙarƙashin katakon da jaki ke kai. In ta shiga, gam ya fara saki.

Na biyar, murɗa maɗauran nan huɗu. Wanda ke zamewa ba zai riƙe murya ba.

Hunturu, abokin gabar katako

Wannan ya fi shafar ku na Dapaong da Mango da Sinkase. Masu ƙera waɗannan kaya suna son laimar iska ta zauna tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Lome tana bakin teku, iskarta jiƙaƙƙiya ce. Dapaong tana sama da kilomita 600 a arewa, kuma da hunturu iska kan bushe ƙwarai, ƙasa da wancan awo nesa. Katakon da ya sha laima a kudu in ya iso nan sai ya tsuke, fuska ta tsage, bakin ƙarafa ya fito yana yankar hannu. Sokode tana tsakiya, wajen kilomita 340 daga Lome, amma ita ma hunturu ba ya ƙyale ta.

Ga abin daɗin ji: a nan mai araha ta fi mai tsada ƙarko. Mai tsada da falle guda na itace ake yin fuskarta, shi ke tsagewa. Mai sauƙin kuɗi da katako mai hawa-hawa ake yi, irin wanda aka manne siraran falle a gicciye, kuma ya fi jure bushewa. Don haka in mai kaya ya ce ka ƙara kuɗi ka ɗauki ta itace zalla, ka ce masa ka gode. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a gidan sabulu mai huji, ka ajiye cikin jakar tare da ita. In kuma daga Lome za a aiko maka, kada a ɗora ta saman mota cikin rana. Zafi yana sassauta gam. A ba wani fasinja ya riƙe.

Maganar kuɗi

Farashin da ka gani a waya ba shi ne za ka biya ba. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wannan a tsaye yake, wato Yuro 100 ya kusa sefa 65,600. A kan haka akwai kuɗin aike, akwai na duwan, akwai harajin TVA na kashi 18 cikin 100. Ƙaramin abu mai girman jaka, aikensa kaɗai na iya kamo kuɗin sayensa. In kana da ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya, ko ɗan kasuwa mai zuwa Lome ko Kumasi ko Kwatano, ba shi takardar awon nan ya duba maka. Kuma duk wanda ya turo maka hoto ya ce ka fara tura kuɗi ta waya, ka ce ya ɗauki bidiyo da ma'auni a kan wuyanta, ya kaɗa kowace tsirkiya a sake da kuma a gaɓa ta 12. Gani ya kori ji. Wanda ya ƙi, ka bar masa kayansa.

Kada ka manta da ajiye ɗan canji na tsirkiya, domin guda biyun nan masu naɗin waya sukan cinye kafin sauran.

Shawararmu ga uban da ya yi tambaya: fara da gwajin jitar aro. In awon yaron 48 ne, nemi jitar yara ta kwata. In 43 ne, nemi teno ka canja mata tsirkiya. Kafinta ya zo a ƙarshe, in waɗancan sun gagara. In kuma ka lura waƙoƙin gida ne ke jan ran yaron, kai shi wajen mai garaya ko mai molo ya zauna kwana biyu tukuna, wataƙila abin da yake nema yana zango tun da daɗewa.

Masu sana'ar katako a Sokode, Kara, Dapaong da Jugu da suka taɓa gwada wannan aiki, ku aiko mana da yadda kuka yi da gaɓoɓi, za mu karanta a fili na gaba. A huta lafiya.