Abin da ke kashe hitar ɗumama ruwa

Da zarar hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, gidajen da ke da lantarki a Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin jihar Jigawa, kan koma ga hita domin ɗumama ruwan wanka.

Sai dai jama'ar yankin sun dogara ne a kan rijiyoyi da burtsatse, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauko sinadaran kalsiyam da magniziyam.

Idan ruwan ya yi zafi, sinadaran kan daskare su zama farin ɓawo a jikin ƙarfen hitar. Ɓawon yana tare zafi, har ƙarfen ya ƙone ko ya tsage, lamarin da kan sa wuta ta ja mutum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɓawon kan taru idan sinadaran sun haura kimanin miligiram 200 a kowace lita.

Ana gane irin wannan ruwa idan sabulu ya ƙi yin kumfa.

Ruwan lemun tsami yana narkar da ɓawon, amma hitar da ta tsage sai dai a sauya ta. Kuma kada a tsoma hannu a bokiti sai an zare ta daga soket.