Abin da Sa Ya Ci da Abin da Ya Zauna a Jikinsa

Mai kiwon sa a turke yakan auna ƙoƙarinsa da yawan abin da ya zuba a komi. Ya tara kara, ya sayo dusa, sa ya ci har cikinsa ya yi tim, amma wata biyu su wuce tozo bai tashi ba. Ci daban, narkewa daban, kuma abin da ya narke ne kaɗai yake zama nama da kitse. Sauran duk kashi ne.

Shi ya sa masana kiwo suke neman shaida a wurin kashin. Sai a killace sa, a ba shi abinci iri ɗaya na kusan mako biyu har tumbinsa ya saba, sannan a yi kwana biyar zuwa bakwai ana auna duk abin da ya ci da duk abin da ya kasayar. A busar da su duka, domin ruwa ba ya cikin lissafi. In ya ci kilo 10 na busasshen abinci ya fitar da kilo 4, to kashi 60 cikin ɗari ya narke ke nan. Lissafin bai cika cif ba, tun da kashin yana ɗauke da ƙwayoyin halittar tumbi da ɓurɓushin jikin hanji, amma har yau da shi ake gwada sauran dabaru.

Aikin dai akwai ƙazanta da tsada, kuma wa zai bi garke cikin daji yana kwasar kashi? Sai aka koma ga alama: a cuɗa wa dabba wani koren sinadarin kuromiyam wanda ciki ba ya narkar da shi, a ɗebi kashi kaɗan a duba yadda sinadarin ya taru a ciki, daga nan a ƙiyasta sauran. A 1963 kuma wasu masana biyu, Tilley da Terry, a Ingila, suka mayar da tumbi cikin kwalba: a zuba niƙaƙƙen abinci cikin ruwan tumbi na awa 48, a ƙara wasu 48 cikin asid da sinadarin narkar da furotin, a auna abin da ya rage. Akwai ma masu huda gefen sa su sanya masa marfi, su riƙa zura ƴan jakunkunan nailan cike da abinci, suna zarowa lokaci-lokaci. Abin da ban tsoro a ido, amma san yana tsaye yana tuƙarsa.

Duk gwaje-gwajen nan sun gaskata abin da makiyayi ya daɗe da sani. Harawar wake da ta gyaɗa sun fi busasshen karan dawa narkewa nesa ba kusa ba, domin kara in ya tsufa jijiyarsa takan ƙeƙashe, ƙwayoyin tumbi su kasa farfasa ta. Ɗan furotin kaɗan, kamar angurya, yana ba ƙwayoyin nan ƙarfi har su ci karan da kyau. Dusa kuwa in ta yi yawa sai tumbi ya yi tsami, narkewar ciyawa ta ja baya.

Wanda ba shi da ɗakin gwaji, sai ya sunkuya da safe ya tona kashin da tsinke. In ya tarar da shi a murɗe da tauri, da dogayen zaruruwan kara, furotin ya yi kaɗan. In ya ga ƙwayar masara sukutum, to kuɗinsa ne kaji suke tsattsaga, gara ya riƙa ɓarza hatsin kafin ya zuba.