Me ya sa sunan faci ke farawa da 0001?

Shirin yau na masu koyon rubuta manhaja ne, musamman ƙannenmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda.

Faci dai kun san shi a wajen mai gyaran taya. A manhaja ma haka yake: ɗan ƙaramin fayil ne da ke cewa a cire wannan layi, a saka wancan. Matsalar ita ce, sau da yawa faci na biyu kan abin da na farko ya gyara yake hawa. Ka sa na biyu kafin na farko, sai ya nemi layin da bai riga ya wanzu ba, aikin ya tsaya cak.

Shi ya sa ake musu lamba. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, idan ka ba shi umarnin git format-patch, da kansa yake raɗa suna: 0001, sai taƙaitaccen bayanin gyaran, sai .patch a ƙarshe. To sifilan nan fa, na ado ne? A'a wallahi. Kwamfuta harafi bayan harafi take jera sunaye, don haka a wajenta 10 na gaban 2, tunda 1 ta fara gani. Amma 0002 da 0010 ba ta da yadda za ta rikita su. Buildroot ma lamba huɗu ya fi so, kuma ya hana a saka lambar sigar manhaja cikin sunan, don kada a yi ta sauya suna duk sanda sabuwa ta fito. Debian kuwa wata hanya suka bi: fayil guda mai suna series, faci na bin jerin da ke cikinsa daga sama zuwa ƙasa, komai sunansa.

Ni na fi son na lamba, kuma dalilina na gida ne. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Ranar da babu intanet, matashin Zurmi zai iya zuba facinsa a filashi, direban mota ya kai wa abokin aikinsa a Shinkafi. Babu damar a kira a tambayi wanne ne farko, kuma ba a bukata: ya ba git am fayilolin, su hau ɗaya bayan ɗaya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.