Daga Maɗaciya Zuwa Tawada: Ma'anonin Kalmar "Gall"

Ɗalibin da ya buɗe littafin ilimin halittu na Turanci zai gamu da kalmar "gall" a babin narkewar abinci, ya sake gamuwa da ita a babin cututtukan tsirrai. Ɗalibai da yawa kan ɗauka abu guda ake nufi, har su rubuta haka a jarrabawa. Alhali kalmomi biyu ne masu asali daban: ta farko tsohuwar kalmar Ingilishi ce mai dangantaka da sunan launin rawaya, ta biyu kuwa daga Latin aka aro ta.

Ma'ana ta farko ita ce ruwan ɗacin nan da ke cikin maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama. Mahautan Abbatuwa ta Ƙofar Mazugal sun san ta sarai, domin in ta fashe a kan hanta, nama ya ɓaci. Hanta ce ke yin wannan ruwa, kimanin rabin lita ko fiye a kowace rana a jikin baligi. Aikin maɗaciya shi ne ajiye shi da kaurara shi. Da zarar abinci mai maiƙo ya shiga ƙaramin hanji, sai ta matse ta zuba ruwan, ya farfasa kitse ƙanana-ƙanana kamar yadda sabulu ke yi wa mai a kwano. Saniya da tunkiya da akuya suna da maɗaciya, amma raƙumi da doki da jaki ba su da ita, hantarsu na zuba ruwan kai tsaye cikin hanji. Shi ya sa mutum ma kan rayu lafiya bayan an cire masa ita, aikin da likita Carl Langenbuch ya fara yi a Balin a 1882.

Launin ruwan yana fitowa ne daga jajayen ƙwayoyin jini da suka tsufa bayan kwana 120 ko kusa da haka. Idan hanta ta kamu da cuta, ko tsakuwa ta toshe hanyar ruwan, launin sai ya taru a jini, idanu su yi rawaya. Wannan ita ce shawara. Alama ce ta cututtuka daban-daban, don haka jiƙo ɗaya ba zai magance su duka ba, sai an gwada jini a asibiti. Daga wannan ɗaci Turawa suka faɗaɗa kalmar zuwa ɗacin rai, har da tsaurin ido. Ita ce kuma suke kiran mikin da sirdi ke yi wa doki da ita.

Ma'ana ta biyu ƙululu ne da ke fitowa a jikin tsiro. Manoman tumatir da kuɓewa suna ganin irinsa a saiwa, inda wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa ke sa ta kumbura, amfani ya ragu. Kada malami ya bari ɗalibai su rikita shi da ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake, waɗanda taki suke ƙara wa ƙasa.

Mafi shahara shi ne wanda wani ƙaramin ƙwaro, ɗan'uwan zanzaro, ke haddasawa a itatuwan ok na yankin Halab ta Siriya, idan ya saka ƙwansa a toho. Fiye da rabin nauyin ƙululun sinadarin tanin ne. Idan aka jiƙa shi, aka haɗa da gishirin ƙarfe da ƙaro, sai a sami tawadar da ke ƙara baƙi bayan ta sha iska. Da ita aka rubuta Magna Carta a Ingila a 1215.

Mutanen Kano ba su da itacen ok, amma sun daɗe da sanin wannan haɗi. Bagaruwar da majema ke jima da ita cike take da tanin, kulokon da dukawa ke yi da tarkacen ƙarfe kuwa yana baƙanta fata ne saboda ƙarfen ya gamu da tanin ɗin da ke cikinta. Ƙarfe kuma an narka shi a gindin Dutsen Dala tun a ƙarni na 7. Ana iya nuna wannan a aji: a jiƙa bagaruwa a kofi, a jiƙa tsatsattsun ƙusoshi cikin ruwan lemun tsami na 'yan kwanaki, sannan a haɗa su a ga yadda ruwan zai yi baƙi.

Aibin irin wannan tawada shi ne tsaminta da ƙarfenta suna cin takarda sannu a hankali, musamman inda akwai laima, har haruffa su zama ramuka. Duk gidan da ya gaji tsofaffin littattafan hannu, in ya ga rubutu ya koma ruwan ƙasa yana ɓullowa ta bayan shafi, to ya nisanta su da danshin damina, ya sa a ɗauki hotonsu tun suna karantuwa.